Ya Bar Kwalba, Amma Kansa Bai Dawo Ba: Abin Da Za Ki Yi Da Wanda Ba Za Ki Yi Ba

Ranar da mijin yayata ya rantse ya bar giya, bayan shekara ashirin da 'yan kai yana sha a ɓoye, sai da aka toya waina aka raba wa almajirai. Yaya ta yi kukan murna. Wata huɗu bayan nan na iske ta a tsakar gida tana wani kukan daban. Mutumin ya ci tuwo, ya wanke hannu, tun ba a ɗauke kwano ba ya ɗago ya ce, "Wai yau ba a girki a gidan nan?" Da azahar kuma ya shaida wa baƙi cewa da safe ya je Funtuwa ya dawo, alhali ko zaure bai taka ba. Ta dube ni ta ce, "Ke, lokacin da yana sha na san da wa nike zaune. Wannan ban san shi ba."

Shekara uku na yi ina bin su asibiti. Abin da zan faɗa ba lallashi ba ne. Masu lallashi sun yi yawa, kuma su suka cinye mana wata shida. Da ke nake, uwargida, sannan da ku, dangin miji. In mace ce ta sha, don akwai su, sai a juya maganar, hukuncin ɗaya ne.

Ki faɗa wa likita cewa ya sha giya. Da bakinki, da sunanta, tun a zaman farko. Kada ki ce "ya yi ƙuruciya", kada ki ce "ya ɗan taɓa kaza". Ki ce giya ce. Ki faɗi shekara nawa ya yi yana sha, wace iri, kwalba nawa ko leda nawa a rana in kin sani, da ranar da ya sha ta ƙarshe. Na san garin da muke ciki. Tun shekarar 2000 da aka ƙaddamar da shari'a a jihar nan ta Katsina, zamanin Gwamna Umaru Musa 'Yar'aduwa, giya ta koma ƙarƙashin gado. Fitowa fili kawai ta daina. Ga Hisba, ga bakin unguwa, ga 'yan mata a ɗaki ana jiran manema. Duk na sani. Amma likita ba ɗan Hisba ba ne, kuma ƙa'idar aikinsa ta hana shi tallar sirrin mara lafiya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu da muka ɓoye, wata shida aka yi ana ɗura wa mutum maganin taifot da na maleriya, don duk likitan da ya tambaya ko yana shan wani abu, sai ƙanensa ya riga kowa: "Subhanallahi, likita, ai a sahun farko yake salla." Bai yi ƙarya ba, a lokacin a sahun farko yake. Ba ita aka tambaye shi ba dai.

Ki sani ciwon nan da giya ke jawo wa ƙwaƙwalwa, ko a ƙasashen da ba a jin kunyar sha, yana kuɓuce wa likitoci. A 1986 wani likita mai suna Clive Harper da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostareliya sun bi bayanan mutum 131 da binciken gawa ya nuna ciwon a ƙwaƙwalwarsu. Kashi 80 cikin ɗari ba a gane suna da shi ba sai bayan sun mutu. To, in haka ne inda mutum ke faɗin abin da ya sha ba tare da sunkuyar da kai ba, yaya ke nan a Katsina, inda iyali gaba ɗaya suka haɗa baki don kada likita ya ji? In ba za ki iya faɗa a gaban danginsa ba, ki rubuta a takarda ki miƙa tare da kati.

Kada a yanke masa giya dare ɗaya a cikin gida. Wannan ga wanda bai daina ba tukuna, ko wanda ya koma. Jikin da ya shekara da shekaru a kan barasa, in an tsinke masa ita kwatsam, cikin awa 6 zuwa 24 sai rawar hannu da gumi da rashin barci. Cikin kwana biyu na farko jijjiga irin ta farfaɗiya tana iya zuwa. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu kuma akwai wani gigi mai zazzaɓi, mutum na ganin macizai da ƙwari a bango, kuma wannan yana kisa. Kulle shi a ɗaki da buta da carbi ba jarumtaka ba ce. Tuba tasa ce tsakaninsa da Ubangijinsa, amma raba jikinsa da giya aikin asibiti ne, a kan gado, da magani.

Kada ki yarda a yi masa ƙarin ruwa a gida. A nan muka yi babbar asara, shi ya sa zan daɗe a kai. Akwai wani sinadari da ake kira tiyamin, shi ne bitamin B1. Jiki ba ya ƙera shi, daga abinci yake samu, kuma duk abin da yake iya ajiyewa wajen miligiram 30 ne kawai. Cikin mako biyu zuwa uku ajiyar na iya ƙarewa. Giya tana yi masa ɓarna ta ko'ina: ta kashe wa mutum cin abinci, ta hana hanji tsotse ɗan abin da ya shiga, ta hana hanta ajiyewa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa da suga take aiki, kuma ba ta iya sarrafa suga sai da tiyamin. Idan mutum ya kwana biyu yana amai, ya galabaita, aka kira yaron kemis ya rataya masa ledar ruwa mai suga a ƙusar bango, ɗan guntun tiyamin da ya rage shi za a ƙone tas. Kin zuba itace a murhu, kin kashe garwashin da shi. Mu leda uku aka sa masa a ɗaki, muna ta yi wa yaron godiya. Washegari idanunsa suka fara rawa.

Wani likitan Jamus, Carl Wernicke, shi ya fara bayyana wannan hali a 1881: ruɗewa, rawar ido ko ganin abu biyu-biyu, da tangaɗi kamar mutum ya sha alhali bai sha ba. Daga 1887 kuma likitan Rasha Sergei Korsakoff ya bayyana abin da ke biyo baya in ba a yi sauri ba, wato mantuwar da ba ta barin sabon abu ya zauna a kai. Na farkon gobara ce, ana iya kashe ta. Na biyun toka ce. Galibin mashayan da suka tsira daga na farko ba tare da isasshen magani ba, na biyu suke faɗawa. Maganin kuma ba ƙwayar bitamin ta kemis ba ce, abin da ke cikinta kaɗan ne, hanjin ma ba ya karɓa. Allura ce ta jijiya, mai yawa, kwanaki a jere. Ki buɗe baki ki tambayi likita, "An ba shi tiyamin?" In sugansa ya faɗi ba za a tsaya jira ba, za a ba shi duka biyun tare, kuma wannan hukuncin na likita ne, ba naki ba, ba na kemis ba.

Don kada wani ya ɗauka hukuncin Allah ne da aka keɓe wa mashaya: mai juna biyu da laulayi ya hana ta riƙe abinci makonni, wadda ko warin giya ba ta sani ba, ita ma irin wannan ciwon kan kama ta.

Kada ki jira alamomin su cika uku. A binciken can na Perth, kashi 16 cikin ɗari kaɗai suka nuna duka ukun. Alama ɗaya ta isa. Ruɗewa sabuwa, ko tangaɗi, ko ido ya karkace, ko jijjiga, ko aman jini, ko kashi baƙi ƙirin, ko barcin da ba a iya tayar da shi: a ranar, a sa'ar, sashen gaggawa. Ga Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda har yau jama'a ke ce wa FMC, ga Babban Asibitin Katsina. Ba sai wansa ya dawo daga Kaduna ba. Ba sai an idar da Juma'a ba.

Kada ki karɓi "gigin tsufa ne" daga bakin kowa. Mutum ɗan shekara 52 ba tsoho ba ne. A Faransa, wani babban bincike da aka wallafa a 2018 ya duba mutum wajen 57,000 da ciwon mantuwa ya kama kafin su kai 65, aka tarar fiye da rabinsu giya na da hannu a ciki. Sannan akwai abubuwan da ke shiga rigar mantuwa, alhali suna da magani. Mashayi yana yawan faɗuwa, kuma jini na iya taruwa a hankali a ƙarƙashin ƙoƙon kai makonni bayan buguwar da kowa ya manta. Hoton kai ke nuna shi, kuma ana iya zuƙe shi. Hanta in ta gaza, dafin da ya kamata ta tace sai ya hau kai: mutum ya kwana ido biyu, ya wuni yana barci, hannu na kaɗawa, wani lokaci da shawara a ido da kumburin ciki. Akwai faɗuwar suga, akwai ƙaramar shanyewar ɓarin jiki, akwai ciwon damuwa mai tsanani da kan taso wa wanda ya bar sha. Ki nemi a auna hanta da suga da jini, a yi hoton kai, a haɗa ku da likitan ƙwaƙwalwa. In an tura ku Asibitin Malam Aminu Kano, ko na Dawanau, ko na Barnawa a Kaduna, ku tafi. Kuɗin mota bai kai kuɗin ragon da za a ce ku yanka ba.

Kuma kada ki matsa a ba ciwon suna a makon farko. Sai mutum ya yi kamar wata biyu babu giya a jikinsa kafin a iya auna ainihin abin da ya rage.

Kada ki kira shi maƙaryaci. Na san shekaru ashirin ya yi yana miki ƙarya: mitin ne, mota ce ta lalace, warin turare ne. Kunnenki ya saba, shi ya sa in ya ce ya je Funtuwa jininki ke hawa. Amma waccan ƙaryar da wannan ba ɗaya ba ne. Da ya san gaskiya yana ɓoyewa. Yanzu rami ne a kansa, ƙwaƙwalwar ce ke jawo tsohon labari ta toshe ramin, shi kuwa ya yarda da shi ɗari bisa ɗari. Zai iya dafa Alƙur'ani a kai. Kada ki ba shi ya dafa. Kada ki kira shaidu, kada ki ce wa yara, "Ku faɗa mashi ko ya fita yau." Za ki ci gardamar, bayan minti goma ya manta an yi ta, amma ɓacin ran zai wuni da shi bai san daga ina ya zo ba, kuma a kanki zai sauke. In labarin ba ya cutar da kowa, ki bar shi ya wuce. In zai jawo ɓarna, kamar ya ce wane ya ci masa bashi, ki kawar da zancen a gabansa, ki je ki gyara a bayansa.

Kada ki yi masa jarrabawa. "Wace ce wannan? Ka gane ta? Mi ka ci da safe?" Ku dangi ku kuka fi yin wannan, kun zo dubiya kun mai da mutum abin kallo. Wanda ya shigo ya yi sallama ya faɗi sunansa da kansa: "Yaya, ni ne wane, ƙanenka, daga Dutsin-ma nake."

Ki kafa masa yini ɗaya, ki riƙa maimaita shi. Abin da ya koya tun yana yaro yana nan: alwala, Fatiha, hanyar masallacin unguwa, sunayen abokan makarantar allo. Sabon abu ne ba ya kamawa. To ki rataya komai a jikin salloli biyar, don su ne agogon da bai lalace ba. Magani bayan asuba, wanka kafin azahar, zaman ƙofar gida bayan la'asar. Buta wuri ɗaya, takalmi wuri ɗaya, kada a sauya masa ɗaki don an yi baƙi. Ki sami ƙaramin allo ki rubuta ranar da kwanan wata da abin da aka ci, da boko ko da ajami, wanda idonsa ya fi sabawa da shi. Magana ɗaya a lokaci ɗaya. "Tashi ka yi wanka ka sa kaya mu je asibiti" magana huɗu ce. Ta farko kawai zai ji. In ya tambayi abu sau goma, ki amsa sau goma da murya ɗaya, in kin kasa ki nuna masa allo ki fita ki sha iska.

Ki ciyar da shi kamar magani kike ba shi. Wake, gyaɗa, ƙwai, nama, kifi, zogale, furar gero. Tiyamin a bayan ƙwayar hatsi ya fi taruwa, don haka farar shinkafa da garin da aka surfe aka cire wa dusa tas ba su da wani abin kirki a wannan fanni. Shayi da burodi safe da dare ba abinci ba ne. Ƙwayar tiyamin da likita ya rubuta a ci gaba da sha ko da ya murmure. Ki zauna har ya haɗiye, kada ki ajiye masa kwalbar maganin a gefen gado: wanda ya manta ya ci tuwo zai manta ya sha magani, ya sake sha. Azumi kuwa, a tambayi likita tukuna, sannan a kai wa malami abin da likita ya ce.

Kada ki ɗauki sauyin halinsa a matsayin raini. Giya ba mantuwa kaɗai take bari ba, tana cin gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke tsara abu, yana kuma ja wa mutum linzami. Shi ya sa za ki ga ɗayan biyu, ko duka. Ko dai ya zauna kamar an dasa shi, a yi haihuwa a gidan bai ce barka ba, a yi rasuwa bai motsa ba, sai an ce tashi ya tashi. Ko kuma linzamin ya tsinke: ashar a gaban surukai, fitowa tsakar gida babu riga, maganar da ba ta dace ba ga 'yar aiki ko matar maƙwabci. Ba lalaci ba ne, ba kuma "asalin halinsa ne ya fito" ba, kamar yadda wata gwaggo ta faɗa mana tana taɓe baki. Sai dai ciwo ba lasisi ba ne. Kada a bar shi shi kaɗai da ƙananan yara mata, naku ko na wasu. Wannan ba cin mutuncinsa ba ne, tsare masa shi ne.

In ya fara zarginki, ki ɗauki abin da gaske. Kishi na ciwo sananne ne ga waɗanda suka daɗe suna sha. Zai binciki wayarki, ya ƙirga takun sawu a zaure, ya ce muryar namiji ya ji. Rantsuwa ba ta warkar da shi, kuka ma haka. Ki kwashe wuƙaƙe, adda, taɓarya, fetur, maganin ɓera da na ƙwari. Ki sami ɗakin da ke kulluwa ta ciki, ki bar waya da caji. Ki faɗa wa likita kalmomin da yake furtawa yadda suke, musamman in ya ambaci kisa, naki ko nasa. In ya ɗaga miki hannu sau ɗaya, ki kwashi yara ki fita a daren, maganar haƙuri a yi ta da safe a gidanku. Duk wanda ya ce miki aljannarki tana ƙarƙashin ƙafarsa, ki ce ya zo ya kwana ɗakin mako guda.

Ki karɓe makulli. Na mota, na babur. Yau. Ki ce yana wurin bakanike.

Ki tsare kuɗin, amma kada ki yi shi a ɓoye. Mai wannan ciwo zai sayar da fili sau biyu, ya ba mai POS katinsa da lambar sirri, ya biya bashin da ya riga ya biya. Akwai masu shinshino irinsa kamar ƙuda. Sai dai in kika riƙe kati da takardun gida ke kaɗai, gobe ke ce ɓarauniya a bakin dangi. Ki tara manyansa biyu da naki ɗaya, a ƙirga komai a rubuta, a sa hannu. Shari'a ta san hana wanda hankalinsa ya raunana taɓa dukiyarsa, a naɗa masa mai kula. Ku je wurin alƙali da takardar likita a yi shi a kan ƙa'ida. In ɗan fansho ne, ki san ranar tantancewa, ke za ki kai shi. Ki bar masa 'yan canji a aljihu na goro da sadaka. Namijin da ya laluba aljihu ya ji wayam, rigima zai tayar.

In ya furta saki, kada ki yanke wa kanki hukunci. Ko na tafiya, ko na zama. Zai iya furtawa da hantsi, da la'asar ya tambayi dalilin da ya sa kike haɗa kaya. Malamai sun bambanta sakin wanda ya bugu da ganganci da na wanda ciwo ya taɓa wa hankali. Ki rubuta abin da ya ce da lokacin da ya faɗa da waɗanda suka ji, ki haɗa da takardar asibiti, a kai wa alƙali ko malamin da ya san fiƙihu. Ba malamin da ke amsa fatawa a WhatsApp cikin minti biyu ba.

Kada a kai shi gidan mari. Ko da wasa. Mun ga abin da aka fito da shi a watan Oktoban 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe irin waɗannan gidaje a Daura da nan cikin birni: mutane da sarƙa a ƙafa, jiki duk tabo. Bulala tana aiki ne a kan wanda zai tuna dalilin da ya sa aka buge shi. Shi wannan zai farka kullum ya ga mari a ƙafarsa, bai san laifin da ya yi ba, ga yunwar da ita ce asalin ciwon. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan jihar nan, ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, kuma ta ba mai irin wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ki riƙe wannan a bakinki ranar taron dangi.

Addu'a kuwa a yi ta, dare da rana. A yi masa tofi, a karanta masa abin da ya haddace, za ki ga ya natsu. Abin da na hana shi ne duka da sunan fitar da aljani, da turnuƙe mutum da hayaƙi, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba ana ɗura wa hantar da ta riga ta gaji, da cewa a ajiye maganin asibiti sai an gama. Kuma kada a ɗora wa kishiya. A gidan Yaya saura kaɗan a kori amarya da sunan ita ta yi sammu, alhali mu duka mun san kwalaben da aka kwashe daga bayan sif.

Ko ɗigo kada ya sake shiga bakinsa. Bambancin wannan ciwo da cutar Alzheimer shi ne, in an bar giya gaba ɗaya aka ci abinci, yawanci yakan tsaya inda yake, har ya ja baya. In aka koma, an koma gidan jiya da ƙari. Matsalar ita ce yana iya manta cewa ya tuba. Tsofaffin abokan zama, wanda zai zo gaisuwa ya zauna a zaure a idon mutane, in ba haka ba ya koma. Ki lura da 'yan ledoji da ƙananan kwalabe masu shiga aljihu, irin waɗanda hukumar NAFDAC ta sanar da haramtawa a farkon 2024. Ki karanta jikin duk wata kwalbar maganin basir ko na ƙarfin maza ko na tari, da yawansu da barasa aka haɗa. Kada ki sayo masa ƙwayar barci don ki samu ki runtsa. Tana ƙara ruɗewa da faɗuwa. Tiramol da kodin, kada ma a fara. Ko maganin ciwon jiki, sai wanda likita ya amince, saboda hanta da gyambon ciki.

Ki ɗinka masa takarda a aljihu. Sunansa, unguwa, lambar waya biyu. Ki sanar da limamin masallaci da mai shagon bakin layi da masu Keke Napep na kusa cewa ba shi da lafiya, in sun gan shi ya miƙe hanya su juyo da shi. Ba sai kin ce musu giya ba. Likita kaɗai ke da haƙƙin wannan. A zafin Afrilu na Katsina, mutumin da ya manta bai sha ruwa ba, ya fita ta Ƙofar Guga ya kama hanyar Jibiya da ƙafa yana neman gidan da suka tashi tun yana saurayi, ba sai na faɗa miki abin da ke iya samunsa ba.

Ku dangin miji, ku daina zuwa da baki, ku zo da hannu. Lokacin da yana sha, kun ce ta rufa asiri. Ta rufa. Yanzu kuna cewa ita ta bari ya lalace. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ku raba kwana, wani ya yi masa aski da wanka, wani ya kai shi Juma'a, wani ya ɗauki kuɗin magani, a ba ta yini guda a mako ta je gidansu ta yi barci. Yaran a faɗa musu gaskiya daidai shekarunsu, cewa Baba ciwo ne a kansa, ba tsanarsu yake yi ba. Kada a cire yarinya daga makaranta don ta zama mai jinya.

Ke kuma, kada ki yi ƙaryar cewa ba ki jin haushi. Kina ji. Ya sha kuɗin makarantar yara, ya sha ƙuruciyarki, yanzu da ya kamata ya nemi gafara ya manta abin da ya yi. Wata rana zuciya za ta ce miki tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai ki duba ki ga ke ce a jiƙe. Ki sami mutum ɗaya mai riƙe magana ki amayar. Ki auna hawan jininki duk ranar da kika kai shi asibiti. In kin zauna, Allah Ya ba ki lada. In kin ga ba za ki iya ba, shari'a ta bar miki ƙofa, kuma ba ni ce zan zage ki ba.

Kada ki sa rana, kada kuma ki fid da rai. Ƙiyasin da likitocin Ingila suka saba kawowa shi ne a kasa masu ciwon kashi huɗu: kashi ɗaya su warke sarai, ɗaya su samu sauƙi sosai, ɗaya sauƙi kaɗan, ɗaya su tsaya yadda suke. Sauƙin a hankali yake zuwa, watanni, har shekara biyu ana ganin ƙari. Ke da kike tare da shi kullum ba za ki lura ba, don haka ki sayi littafi na 'yan makaranta ki riƙa rubuta layi biyu kowane dare, ki tafi da shi duk ranar ganin likita. Mijin Yaya yanzu yana zuwa masallaci shi kaɗai ya dawo, yana gane jikokinsa, tangaɗin ya ragu. Abin da aka yi jiya dai har yau ba ya kwana a kansa.

Kada ki riƙa yi masa sabuwar ta'aziyya. Mahaifiyarsa ta rasu yana tsakiyar ciwon. Duk bayan 'yan kwanaki sai ya sa hula ya ce zai je gaida Inna. Sau uku aka ce masa ta rasu, sau uku ya zube ya yi kuka kamar a ranar aka fito da makara, yana tambayar dalilin da ya sa aka binne ta ba a kira shi ba. A na huɗu Yaya ta hana kowa magana. Ba ta son ta yi masa ƙarya, ba ta kuma son ta sake kashe masa uwa. Ta karɓi hular ta ce, "Alhaji, rana ta yi zafi yanzu. Zauna ka ba ni labarin yadda Inna ke dama fura." Ya zauna, ya fara tun daga jiƙa gero.